Wace mota ce za ta ɗauki mahaifina da kekensa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Tawa. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, yanzu a keken guragu yake. Duk ranar zuwa asibiti sai samari biyu sun ciccibe shi sun cusa a taksi yana nishin ciwo, ga shi likita na son ganinsa a Yamai lokaci-lokaci. Ina da wajen sefa miliyan biyu a ajiye. Wace mota zan nema, kuma ina zan samu cikon kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Kafin ki je wurin dillali, tambayi mai yi masa gashin ƙashi: Baba zai iya komawa kujerar mota daga keke idan mutum ɗaya ya tallafe shi? In zai iya, kin huta da rabin wahalar, domin kujerar mota ta fi keke aminci a hanya. Mota mai ƙofar ja a gefe ta ishe ku, da allo mai santsi da zai zame a kai, keken kuma a naɗe shi a baya.

In kuwa dole a keken zai yi tafiya, to awo ne farko. Ki zaunar da shi da matashinsa da hularsa, ki auna daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, ki auna faɗin keken daga taya zuwa taya. Da wannan awon za ki gwada ƙofar kowace mota. Wanda zai yi wajen kilomita 550 zuwa Yamai bai kamata ya yi ta da wuya a karkace ba.

Za a nuna miki Kangoo ko Berlingo da aka gyara a Faransa, an sauke musu ƙasan baya don keke ya hau cikin sauƙi. Suna da kyau a kan kwalta, amma cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, kin kuwa san lungunan Tawa da yashi da duwatsu, balle in damina ta zaizaye hanya. Na'urar ɗaga keke ta lantarki ita ma ba ta jure ƙura da zafinmu, ranar da ta tsaya kuma sai an aiko da kayanta daga waje. Ni dai na fi natsuwa da Toyota HiAce, wadda kowane makanike ya san cikinta, da matakar ƙarfe da ake naɗewa da hannu. Tsawon matakar ya kai aƙalla ninki huɗu na tsayin ƙasan motar: in santimita 60 ne, kada ta gaza mita 2 da santimita 40, in ba haka ba mai turawa zai sha wuya, keken na iya kifewa. Motocin HiAce na hannu masu zuwa daga Japan sitiyarinsu a dama yake. Ki guje su, saboda direba ba ya ganin gaba sosai in zai wuce manyan motoci a hanyar Ƙonni.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne ɗauri. Birkin keke ba ya riƙe komai in direba ya taka birki da ƙarfi. Madauri huɗu ake sawa, biyu gaba biyu baya, a jikin ƙarfen keken, ba a taya ba. Ƙugiyoyinsu a ɗaure su da noti ta ƙasan mota, da farantin ƙarfe a ƙarƙashi. Ɗan ɗigon walda bai isa ba. Baba ya fuskanci gaba, bel ɗin mota ya bi ta ƙugu da kafaɗa.

Batun kuɗi kuwa, miliyan biyunki kada su tafi duka wurin saye. Ki ware na mataka da madauri, asiransi, tayoyi da gyaran farko. Da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, don haka motar da ke Yamai da takardun duwan a hannu ta fi wadda ake ce miki tana hanya.

Ki fara tara 'yan'uwa, kowa ya faɗi abin da zai iya, a rubuta, a kuma yanke sunan wanda za a sa a takardar mota tun yanzu, don kada ta raba zumunci gobe. In kina adashi, ki roƙi ɗaukar farko. Tunda kina da albashi, ki tambayi Banque Islamique du Niger tsarin murabaha: banki ya sayi motar, ya sayar miki da ribar da kuka sani tun farko, ki riƙa biya wata-wata. Shawarata, kada biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinki, domin magani ma yana jira.

Ki kuma leƙa tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ki ji abin da dokar 2019 kan shigar da naƙasassu cikin al'umma ta tanadar wa Baba, amma kada ki jingina sayen motar da tallafin wata ƙungiya. Ranar ciniki ki je da makanikenki da keken kansa, a shigar da shi a gabanki kafin ki ba da ko dala.