Jaririna zai cika mako bakwai ranar Kirsimeti, ko in kai shi gida?

Tambaya: Na haihu a farkon watan Nuwamba, haihuwar fari, namiji, kuma a lissafina zai cika mako bakwai a satin Kirsimeti. Muna zaune a Kaduna, amma iyayen maigidana suna wani ƙauye kusa da Pankshin a Jihar Filato, kuma surukata ta aiko cewa lallai a kawo mata jikanta bana, a kai shi majami'a a miƙa shi ga Ubangiji a gaban dangi. Ina so in je, domin wannan ce Kirsimetinsa ta farko, har na ɗinka mana anko, amma ina tsoron sanyin wurin da doguwar tafiya da yawan jama'a. Ni kaina ban gama dawowa daidai ba, wani lokaci sai in ga hawaye yana zubo mini ba dalili. Wace shawara za ki ba ni?

Amsa: Barka da sauka lafiya, 'yar'uwa, Allah ya raya mana yaron. Idan watanninsa sun cika kafin a haife shi, yana kama nono sosai, nauyinsa yana ƙaruwa, kuma bai kwanta asibiti ba tun haihuwa, babu abin da zai hana ki tafiya da shi. Idan kuwa bakwaini ne, ko an haife shi ƙasa da kilo 2.5, ko ya yi fama da ciwon shawara ko wata cuta da ta sa aka riƙe ku a asibiti, to shawarata ita ce ku yi bikin bana a Kaduna. Sanyin da kike tsoro shi ne mafi sauƙin magancewa a cikin abubuwan da ke jiranki a can. Waɗanda suka fi damuna su ne hannuwa da bakunan masu ɗaukarsa, da hayaƙin da za a turara masa da sunan ɗumama ɗaki, da abin da za a ɗura masa a baki idan kin juya baya.

Kafin ki haɗa kaya, ki buɗe katin rigakafinsa. Yaron da aka haifa a makon farko na Nuwamba yana cika mako shida wajen tsakiyar Disamba, kuma a lokacin ne ake yi masa allurar farko ta Penta, wadda ke kare shi daga cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, tare da allurar nimoniya da ɗigon shan inna da ɗigon Rota na gudawa, wanda Najeriya ta shigar cikin jadawalinta a shekarar 2022. Kada ki ɗage wannan ranar ki ce sai kun dawo. Ki je a kan lokaci, domin ɗan zafin jikin da allurar kan kawo ya zo ya wuce kina gida, ba a cikin mota ba. Sai dai ki sani cewa allurar farko ba ta gama ba shi kariya ba, akwai ta mako goma da ta mako goma sha huɗu a gaba, saboda haka yaron da za ki ɗauka zuwa Pankshin garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ranar da kika je ɗin kuma ki nemi a duba ki ke ma, a auna hawan jininki, a duba ɗinki idan an yi miki, domin awon mako shida na uwa ne da ɗa.

Tafiya daga Kaduna zuwa Jos, sannan zuwa Pankshin, ba ta rasa awa biyar zuwa shida idan hanya ta yi kyau, kuma daga 23 ga wata zuwa jajibiri tashoshi a cike suke, direbobi suna gudun su juyo su sake lodi. Ku tashi kwana uku ko huɗu kafin nan, da sassafe, ku isa da rana. Ki zauna a kujerar baya, kuma idan motar haya ce ku biya kuɗin kujera biyu don kada a matse ki. Idan kuna da kujerar jarirai ta mota ita ce ta fi, amma kada a bar shi a cikinta awanni a jere, a riƙa tsayawa a fito da shi a ba shi nono. Kada ki lulluɓe masa fuska da bargo mai kauri saboda ƙura, rufe gilashi ya wadatar.

Pankshin tana kan tudu, kuma sanyin asubahinta a hunturu ya fi na Kaduna nesa. Ƙa'idar da muke bai wa iyaye ita ce a sa wa jariri kaya ninki ɗaya fiye da abin da babba ya sa ya ji daidai, da hula da safa idan za a fita, sannan a riƙa taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa don a san halin da yake ciki, domin tafin hannu da na ƙafa kan yi sanyi ko da jikin yana da ɗumi. Idan kika ji gumi a wuyansa, kayan sun yi yawa. Wanka sau ɗaya a rana ya isa, da hantsi bayan rana ta ɗaga, a cikin ɗaki, a gaggauce, sannan a shafa masa man kaɗanya ko basilin marar ƙamshi saboda bushewar fata. Babu abin da ke ɗumama jariri kamar jikin uwarsa, don haka idan kika ga ya yi sanyi ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata ki rufa zane a kanku.

A nan ne nake so ki tsaya da ƙafafunki ko da ran wani zai ɓaci. A gidaje da yawa, idan mai jego ta zo, gatan da ake yi mata shi ne a shigo da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, kuma mutum yakan yi barci ne kawai bai farka ba. Jariri ya fi kowa saurin kamuwa. Haka hayaƙin janareta yake idan an ajiye shi a baranda ko kusa da taga, kuma daren Kirsimeti kusan kowane gida mai janareta yana kunna shi. Kada ku kwana da wuta a ɗaki, kuma kada ki zauna da shi a goye a bakin murhun itace inda ake dafa shinkafar biki. Ya kwanta rigingine a kan shimfiɗa mai ƙarfi, a cikin gidan sauro, ba tare da matashi ko tarin barguna kusa da fuskarsa ba, kuma duk wanda ya sha burukutu ko giya a ranar kada ya kwanta shimfiɗa ɗaya da shi.

Akwai abubuwa biyu ƙanana da ake rainawa. Man zafi mai mentol da ake shafa wa yara a hanci da ƙirji saboda mura bai dace da ɗan wannan watannin ba. Kafur kuma, wanda ake jefawa cikin akwati don kare tufafi daga asu, yana iya farfasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai, musamman maza, ya jawo musu shawara mai tsanani, domin akwai wani rauni na jini da ake gado wanda ya yawaita a ƙasarmu. Idan kakarsa ta fito da zannuwan goyo ko rigunan da ta daɗe tana ajiya a akwati, ki karɓa da godiya, amma a wanke su sosai a shanya a rana har warin ya fita kafin su taɓa jikinsa. Sabon ankon ma a wanke shi tukuna.

Yanzu ga batun jama'a. Jikan fari ya zo gida ranar Kirsimeti, kowa zai so ya ɗauka, daga gwaggo har yaran maƙwabta masu yawon barka da Kirsimeti, kuma lokacin hunturu ne, rabin gari yana tari da majina. Murar da babba zai yi kwana uku da ita yana harkarsa tana iya kai ɗan mako bakwai gadon asibiti, saboda hanyoyin numfashinsa ƙanana ne, majina kaɗan ke toshe su. Mai tari ko mura ya gaishe shi daga nesa, wanda zai ɗauka ya wanke hannu da sabulu, kuma kada a sumbace shi a fuska ko a hannu, balle mai ƙurajen zazzaɓi a leɓe, waɗanda cutarsu kan yi wa jarirai mummunar illa. Dabarar da ta fi aiki ba tare da kin yi wa kowa magana ba ita ce goyo. Yaron da ke bayan uwarsa yana barci, ba kasafai ake cewa a sauke shi ba.

A majami'a ki zaɓi sujadar safe, ki bar ta dare da zagayen waƙoƙi ga masu ƙarfi. Ki zauna kusa da ƙofa, nesa da lasifika da ganguna, yadda za ki iya fita ki shayar da shi idan ya motsa. Idan 'yan Zumuntar Mata suka taso da tulu da guɗa za su karɓe shi su yi rawa da shi, kamar yadda aka saba yi wa sabon jariri, ki tashi ki shiga rawar da shi a hannunki, sai kowa ya sami abin da yake so. Miƙa yaro kansa ɗan lokaci ne, maigidanki zai iya gaya wa fasto tun da wuri a yi shi a farkon sujada. Da yamma kuma, lokacin da yara ke fasa nokawut a waje, ku kasance a ɗaki.

Abincinsa nono ne zalla har ya cika wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka tsara, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo. Za ki ji ana cewa hunturu yana busar da maƙogwaro, a ba shi ruwa ko cokali ɗaya. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma shi ne ruwan da ya fi kowane tsabta a ƙauyen. Zuma kuwa an hana ta gaba ɗaya kafin yaro ya cika shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Hidimar biki takan sa uwa ta tsallake shayarwa ba ta sani ba, don haka ki lura ya sha aƙalla sau takwas a yini da dare, kuma yana jiƙa famfas wajen sau shida. Ke kuma ki ci shinkafarki da namanki da gwatenki, babu abin da aka hana ki sai barasa.

Duk waɗannan sharuɗɗa, idan daga bakinki suka fito a tsakar gidan surukai, za a ce amarya ta zo da iyayin birni. Ku zauna da maigidanki tun a Kaduna ku daidaita, ya kira Mama a waya ya shaida mata cewa abin da aka faɗa muku a asibiti ke nan, sannan ku roƙe ta ta zama ita ce mai tsaron jikanta. Kakar da aka ba wa wannan matsayi takan fi uwar yaron tsanani, kuma babu mai ja da ita.

Ki tafi da ma'aunin zafin jiki, kuma ki san asibitin da ya fi kusa wanda ke aiki dare da rana tun ranar da kuka isa, domin 25 da 26 ga Disamba ranakun hutu ne, ƙananan asibitoci kan rage ma'aikata. Ga yaron da bai kai wata uku ba, zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni dalili ne na zuwa asibiti nan take, ba a ba shi farasitamol a jira gari ya waye. Haka nan idan jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya yi jijjiga. A waɗannan watannin ciwo yana sauri, awanni kaɗan suna da tasiri.

Hawayen da kika ambata a ƙarshe ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Yawancin mata kan yi irin wannan a kwanakin farko bayan haihuwa, ya wuce da kansa cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, ga rashin barci ko da yaron ya yi barci, ga rashin jin daɗin komai, ga jin kamar kin gaza a matsayin uwa, to yana iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna yana samun kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa. Ba raunin bangaskiya ba ne, kuma yana da magani. Ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar awonki, ki faɗa wa maigidanki da kalmomin da kika rubuto mini, kuma idan har tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zuwa miki, kada ki jira ranar awo. A ƙauye kuma kada ki yarda kunya ta tura ki bakin tukunya da ɗibar ruwa don a ce matar ɗa tana da ƙoƙari. Idan jini ya dawo da yawa, ko ciwon kai mai tsanani, ko haki da kumburin ƙafa, ke ma asibiti za ki.

Idan kika auna duk wannan kika ga jikinki ko zuciyarki ba za su ɗauka ba, kina da mafita da ba za ta zubar da mutuncin kowa ba. Ku aika wa Mama kuɗin mota ta zo ta yi Kirsimeti da ku a Kaduna, ku ɗauki hoto da ankonku, sannan ku tsayar da ranar miƙa yaron a gida lokacin Ista. Kafin nan ya gama allurar mako goma sha huɗu tun tsakiyar Fabrairu, ya doshi wata biyar, sanyin Pankshin kuma ya sauka.