Tambayi Inna: Rubutun jikin gwangwani, da kwalbar da ba ta da suna

Inna, na ga jerin robobin zuba kayan miya a WhatsApp, kowace da sunanta a buge, wai jika ashirin da biyar. In saya? Amarya, Sabon Gari.

Kar ki saya, ɗiyata. Na ga irinsu a gidan biki. Sunayen da aka buga na shayi ne da kofi da taliya, da Turanci. Ina kuka, ina daddawa, ina busasshiyar kuɓewa? Ƙarshenta ki zuba kanwa a robar da aka rubuta wa kofi, kin biya jika ashirin da biyar kin sayo ruɗani. Gwangwanin madara, robar bota da kwalbar mayonez duk suna yi, in an wanke an shanya sun bushe ƙayau. Ki shiga kasuwar Dole ki nemi marka wadda ba ta gogewa da sikoc mai faɗi, ki yago takarda daga tsohon kaye. Ki gwada markar a gaban mai butik kafin ki miƙa kuɗi, don da yawansu sun bushe tun a kanta. Sauran kuɗin ki auni gero.

Na liƙa takardu da kokon sitaci, ko wata ba a yi ba duk sun ɓamɓare. Mene ne laifina? Maman biyu, Birni.

Kokon sitaci abincin kyankyaso ne, kin shimfiɗa musu tabarma. Ƙaro ya fi shi kama takarda a jikin kwali ko ƙwarya, amma a jikin roba ba ya zama. Na biyu kuma maiƙo: in hannun da ya taɓa man gyaɗa ya taɓa gwangwani, babu abin da zai manne. Ki wanke wurin da sabulu, ya bushe, ki ɗora takarda, ki zagaye da sikoc har baki ya hau baki, ya rufe rubutun gaba ɗaya. Zafinmu na Afrilu da Mayu, da yake haura digiri 40, yana narkar da gam, shi ya sa ni na fi son rubutu kai tsaye a jikin robar. In za ki canza abin da ke ciki, ɗan alkol na farmasi a auduga ya goge rubutun. Ki rubuta a jiki, ba a murfi kaɗai ba. Murfi yawo yake yi.

Inna, surukata ba ta karanta boko, idonta kuma ya yi rauni. Ina haɗa sabulun ruwa na sayarwa, rannan na tarar ta buɗe robar sodar haɗa sabulu tana zaton sukari ne. Tun ranar barcina ya ƙaurace. Wace irin alama zan sa? Mai damuwa, Garin Malam.

Sannu ɗiyata, Allah Ya tsare gaba. Tsoron nan naki shi ne daidai, da ma kowa zai ji irinsa.

Ga kayan abinci, abin mai sauƙi ne. In Hajiya ta yi allo, ki sa a rubuta mata da ajami, manya-manya. In ido ne matsalar, ki bar hannu ya karanta: zare mai ƙulli ɗaya a wuyan robar gishiri, ƙulli biyu sukari, ko ki manna ƙwayar wake a murfin robar wake. Kwana biyu ta haddace.

Amma soda ba maganar alama ba ce, maganar fitar da ita daga madafa ce yau ɗin nan. A nan kam ku bar ni in yi faɗana. Muna zaman zaɓen launin takardar da za mu manna wa yaji, alhali a ƙarƙashin gado akwai jabel a robar ruwan sha, esansi a kwalbar lemo, fiya-fiya a ƴar kwalbar da ko suna babu. Garin soda fari ne kamar sukari, in an jiƙa shi kuma ruwa ne garai-garai. Yaron da ya dawo daga lakwal da ƙishirwa ba ya tsayawa tambaya, ɗan shekara biyu kuwa ko kin rubuta da zinari bai iya karatu ba. Na san gidan da aka jiƙa soda a kofin shan ruwa, uwar ta juya ta ɗauko muciya kawai. Yaron ya rayu, amma har ya shiga lakwal koko mai ruwa-ruwa kaɗai ke wuce masa, don soda tana ƙona maƙoshi, tabon ya tsuke hanyar abinci.

Duk abin da ba na ci ba ne, a bar shi cikin mazubinsa na asali, a ɗaga shi sama ko a sa masa kwaɗo, nesa da abinci. In dole sai an juye, a zana babban kuros da jan fenti ko jan farce ta kowane gefe, kuma kar a juye a abin da aka saba sha da shi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshin gona ba ta komawa ta ruwa ko ta mai, ko an wanke ta sau goma, roba tana riƙe dafi. Na san wahalar ruwa a Damagaram ta sa jarka ta yi daraja, amma a tambayi tarihinta kafin a saya. In kuma tsautsayi ya faɗa, yaro ya sha soda ko esansi, kar a tura masa yatsa don ya yi amai, kar a ɗura masa manja. Abin da ya ƙone shi wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita, esansi kuma yana iya faɗawa huhu. A kwashe shi zuwa asibiti nan take, a tafi da kwalbar don likita ya gani.

Shin in na rubuta suna a buhun wake, ƙwari ba za su ci ba? Magidanci, Zango.

Malam, ƙwaro bai yi lakwal ba. Abin da rubutu zai yi maka shi ne tuni: ka sa watan da ka zuba, misali Oktoba 2025, da yawan tiyoyin da ke ciki, don a fara cin tsoho kafin sabo. Maganin ƙwari kuwa hana su iska ne. Ka shanya waken sosai, ka zuba a buhun PICS, wato buhun nan mai hana iska shiga, mai ruɓi uku, ka ɗaure kowane ruɓi dabam, ko a jarka mai tsabta ka cika ta har wuya ka toshe. In kuwa ka jefa ƙwayar maganin nan da ake sa wa hatsi, to ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro da ranar da ka sa, kuma kar buhun ya kwana a ɗakin da mutane ke barci.