Yadda ake maganar cefane da aike da Italiyanci

Tambaya: Malam, wata uku kenan da na biyo maigidana garin Brescia a Italiya, shi yana wurin aiki tun safe, ni ce da cefane da zuwa kemis da gidan waya, amma ina shiga shago sai bakina ya mutu in koma nuni da yatsa kamar kurma. Wace magana zan fara riƙewa?

Amsa: 'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki, kalmomin da kike buƙata ba su kai yawan da kike tsoro ba. Kuma Bahaushiya tana da sa'a wajen furuci, don "ci" da "ce" nasu daidai suke da namu, "chi" kuma "ki" ake cewa, sannan suna ninka baƙi kamar yadda muke yi a "hannu" ko "babba".

Fara da "devo", wato dole in yi. "Devo fare la spesa" shi ne zan yi cefane, na abinci da kayan gida. In kika ce "fare spese" kin koma siyayyar kaya da takalma. 'Yan zirga-zirgar nan na banki da biyan kuɗin wuta kuwa sunansu "commissioni", in maƙwabciya ta tare ki da surutu a matakala sai ki ce "devo fare delle commissioni" ki wuce abinki.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne faɗin inda za su. Ana cewa "vado in banca", "in farmacia", "in posta", amma "al mercato" da "al supermercato". In mutum za ki je wa sai ki sa "dal", kamar yadda muke cewa zan je wurin mahauci: "dal macellaio", "dal medico". Kar ki wahalar da kanki neman dalilin "in" da "al" ɗin nan, haddace su kawai.

Da kin shiga shago ki ce "buongiorno", da yamma "buonasera", ki ajiye "ciao" don ƙawaye da yara. Kuma don Allah banda "voglio", ina so ne amma a kunnensu kamar yaro mai rigima yake fita, "vorrei" ake cewa. Wurin awo suna lissafi da "etto", giram 100 kenan, "vorrei due etti" ya zama giram 200. Kuɗi nawa shi ne "quanto costa?", in an haɗa duka "quant'è?". Mai karɓar kuɗi za ta jefo miki tambayoyi da sauri, yawanci ba sa wuce "sacchetto?" wato leda, wadda siya ake yi ba kyauta ba, da "carta o contanti?" kati ko tsabar kuɗi. Rasit kuma "scontrino".

Ga wadda ni a ganina ta fi duka muhimmanci gare mu: "c'è maiale?", akwai alade a ciki? Ki riƙe kalmar "strutto" ma, kitsen alade ne kuma yana shiga wasu burodin da piadina (wata irin gurasarsu) ba tare da mutum ya zata ba, shi ya sa a gidan burodi nake cewa "senza strutto, per favore" kafin komai.

A gidan waya lamba ake cira a inji, amma wurin likita ko ƙaramin shago inda ba layi a miƙe sai ki tambaya "chi è l'ultimo?", waye na ƙarshe, wanda ya amsa shi kike bi. Tikitin bas da "marca da bollo", wato kan sarkin haraji na yuro 16 da ake nema wajen takardar zama a "tabaccheria" ake samunsu, shagon nan mai babban T a ƙofa, kar sunan taba ya hana ki shiga.

In sun yi sauri ki ce "più piano, per favore", a hankali. Ki fita da safe kuma, ƙananan shaguna da yawa suna rufewa wajen ƙarfe 1 sai 3 da rabi ko 4 su buɗe.