Kanta mai araha don ajiye fayafayan garmaho

Kana tambayar yadda za ka haɗa kantar fayafayai da kuɗi kaɗan. Babbar matsalar nauyi ce, domin fayafayai 100 da kwalayensu sun kai kilo 20.

Sayi filawud mai kaurin milimita 18, kafinta ya yanka maka. Kwalin babban faifai kusan santimita 31.5 ne, saboda haka kowane gida ya zama 33 tsawo, 33 zurfi. Kada tazarar da ke tsakanin tsayayyun katakai ta wuce santimita 40, in ba haka ba tsakiyar za ta lotsa. Gam da sukuru za ka haɗa, ƙusa kaɗai tana sakin jiki. Ka manna siririn filawud a baya don kada kantar ta karkace, ka ɗaure ta a bango.

Jera fayafayan a tsaye, nesa da rana. Zafi yana lanƙwasa su.