Likita Ya Amsa: Ko Bidiyo Zai Iya Koya Wa Mutum Karanta Hoton Ƙirji?

Wasiƙu biyu muka zaɓa a wannan fitowa, ɗaya daga ɗaliba, ɗaya daga ma'aikacin lafiya, kuma dukkansu a kan koyon karanta hoton ƙirji ta hanyar bidiyo suke.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a aji biyar na karatun likitanci. Zaman da muka yi a sashen hoto gajere ne ƙwarai, shi ya sa na koma kallon bidiyoyin koyar da karanta hoton ƙirji a YouTube. Idan ina kallo nakan gane komai, amma da zarar an miƙo mini hoton majiyyaci na gaske a ɗakin kwanciya, sai in rasa ta inda zan fara. Laifin bidiyon ne ko nawa? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kika bayyana yana samun kusan duk wanda ya fara koyo ta wannan hanya, kuma dalilinsa a fili yake. Mai shirya bidiyo yakan tsamo hoton da cutar ta fi bayyana a cikinsa daga tarin hotuna, ya rubuta sunan cutar a taken bidiyon, sannan ya ɗora kibiya a daidai wurin da matsalar take. Kafin idonki ya sauka a kan hoton an riga an gaya miki abin da za ki gani. Hoton da ake miƙo miki a asibiti kuwa ba shi da take, ba shi da kibiya, kuma wataƙila mai shi ya karkace ko ya kasa jan numfashi lokacin ɗauka saboda tsananin ciwo. Gane abin da aka nuna miki daban, nemo shi da kanki daban, kuma na biyun ne ake bukata a gaban majiyyaci.

Saboda haka ki sauya yadda kike kallo. Duk lokacin da sabon hoto ya fito, ki tsayar da bidiyon kafin malamin ya fara bayani, ki ɗauki biro ki rubuta abin da kika gani, da ɓangaren da yake, da cututtuka biyu ko uku da kike zato, sannan ki saki bidiyon ki gwada naki da nasa. Na nace a kan rubutu ne domin zuciya tana da saurin cewa "ai da ma na lura da shi" bayan an faɗi amsa, alhali takarda ba ta yarda da wannan. Bidiyo ɗaya da kika yi wa irin wannan aiki ya fi miki amfani a kan goma da kika kalla kina kishingiɗe.

Abu na biyu, ki ba hoton lafiyayyen ƙirji lokaci mai yawa, ko da yake shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa don ba ya burge su. Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken X-ray da ake ɗaukar hoton da shi a birnin Würzburg na Jamus a shekarar 1895, ƙa'idar ba ta canja ba: iska tana barin hasken ya wuce sai ta fito baƙa, ƙashi yana tare shi sai ya fito fari, tsoka da jini da ruwa kuma suna tsakani. Hoton inuwa ce ta duk abin da hasken ya ratsa, fata da haƙarƙari da huhu da zuciya sun hau kan juna a shafi ɗaya. Wajibi ne idonki ya saba da cewa huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, cewa shamakin da ya raba ƙirji da ciki ya ɗan fi tashi a dama saboda hanta na ƙarƙashinsa, kuma cewa iskar da ake gani a ƙasan shamakin hagu yawanci ta tumbi ce. Wanda bai ga lafiyayyun hotuna da yawa ba zai riƙa ɗaukar jijiyoyin jinin huhu a matsayin cuta.

Kafin ki nemi cuta, ki tambayi hoton kansa ko ya cancanci a karanta shi. Ki duba suna da ranar ɗauka da alamar dama ko hagu. Ki duba ta ina hasken ya shiga. A ɗauka ta ƙa'ida, wadda ake rubuta wa PA, mutum yana tsaye, ƙirjinsa manne da allon, hasken yana shiga ta bayansa daga nisan kusan santimita 180, kuma a irin wannan hoton faɗin zuciyar baligi bai kamata ya wuce rabin faɗin ƙirji ba. Marar lafiyar da ba ya iya tashi kuwa ta gaba ake ɗaukarsa a kan gado, wato AP, kuma a nan zuciya takan fito da girman da ba nata ba. An sha tsorata mutane da zancen kumburin zuciya a kan wannan kuskure kaɗai. Ki ƙirga haƙarƙari: idan an ja numfashi sosai za ki ga kamar shida ta gaba, ko tara zuwa goma ta baya, a saman shamaki, idan kuma ba su kai ba, ƙasan huhu zai yi farin hazon da zai yi kama da ciwo. Ki duba ƙasusuwan nan biyu da suka taso daga kafaɗu suka nufi ƙasan wuya, ko bakinsu na ciki yana da nisa ɗaya daga tsakiyar ƙashin baya, domin in ba haka ba mutumin ya karkace.

Bayan wannan ki riƙe tsari ɗaya da ba ya canjawa: bututun iska, huhu biyu kina gwada dama da hagu mataki-mataki, zuciya da abin da ke kewaye da ita, shamaki da kusurwoyinsa, sannan ƙasusuwa da nama. Wannan tsari kariya ce daga wani rauni da ko ƙwararru ba su tsira daga gare shi ba. A shekarar 2013 wasu masu bincike a Amurka suka ba likitocin hoto 24 hotunan huhu na na'urar CT, mai ɗaukar hoton jiki yanka-yanka, domin su nemo ƙananan ƙulli, suka kuma saka siffar goggon biri a cikin na ƙarshe, wadda ta ninka matsakaicin ƙulli sau 48 a girma. Kashi 83 cikin ɗari na likitocin ba su gan ta ba, kuma na'urar bin motsin ido ta nuna cewa yawancinsu sun kalli wurin da take. Ido yana ganin abin da aka aike shi nema ne. Don haka ko kin sami abu ɗaya babba, kada ki tsaya, ki koma wuraren da cuta ke ɓuya: ƙololuwar huhu a bayan ƙasusuwan kafaɗa, bayan zuciya, tushen huhu inda bututun iska da jijiyoyin jini ke shiga cikinsa, da ƙasan shamaki. Siririn layin iska a ƙarƙashin shamakin dama ga mai ciwon ciki yana iya nufin hanji ko tumbi ya ɓule, abin da muke gani a taifot da gyambon ciki, kuma wannan maganar tiyata ce ta gaggawa.

Akwai inda bidiyo ya fi littafi nesa ba kusa ba, kuma ina so ki ci moriyarsa a nan. Alamar da Benjamin Felson ya yi bayaninta a 1950 misali ce: idan gefen dama na zuciya ya ɓace a hoto, ciwon yana cikin kashin tsakiya na huhun dama, domin abubuwa biyu masu kauri ɗaya idan suka haɗu iyakarsu takan shafe. A rubuce tana da wuyar shiga kai, amma idan malami ya zana ta yana motsa hoton, nan take ake fahimta. Haka ruwan da ke taruwa a kewayen huhu, wanda sai ya kai kimanin mililita 200 kafin ya dushe kusurwar ƙasa a hoton PA. Hoton CT kuma yanka-yanka ne da ake bi daga sama zuwa ƙasa, sikanin huhu shi ma motsi ake kallo a cikinsa, don haka waɗannan biyu ba sa koyuwa sosai daga hoto tsayayye.

Sai dai ki sani yawancin waɗannan bidiyoyi a Turai da Amurka da Ostareliya ake shirya su, kuma nauyin da suke ba cututtuka na ƙasashensu ne. Ke kuwa abin da zai fi cika miki hannu shi ne tarin fuka, mai son saman huhu yana yin kogo a ciki, ko ya watsu ko'ina cikin ƙananan ɗigo kamar ƙwayoyin gero. Za ki ga masu sikila da ciwon ƙirji da zazzaɓi, waɗanda hotonsu na farko kan iya fitowa lafiya ƙalau kafin ya ɓaci daga baya. Za ki ga masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai da ƙurar dutse ta yi wa huhunsu tabo. Ki nemi darussan waɗannan da gangan. Shafin Radiopaedia, wanda likita Frank Gaillard ya kafa a 2005, da shafin Radiology Assistant na ƙungiyar likitocin hoto ta ƙasar Holan, suna da tarin hotuna tare da bayanin ƙwararru. Duk bidiyon da mai shi bai bayyana ko shi wane ne ba, bai kuma faɗi yadda aka tabbatar da cutar da yake nunawa ba, ki bar shi. Sannan ki nemi wani babban likita a sashen hoto na asibitinku, ki roƙi izinin zama kusa da shi lokacin da yake rubuta rahoto, ki faɗi naki kafin ya faɗi nasa. Bidiyo ba ya sanin inda kika kauce, shi kuwa zai sani, kuma zai gyara miki.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye da ba mu da likita. Masu tari sukan je birni su ɗauko hoton ƙirji su kawo mini ba tare da rahoto ba. Idan na koyi karantawa ta bidiyo, zan iya ɗora mutum a kan maganin tarin fuka da hoton kaɗai? Daga wani ma'aikacin lafiya a jihar Katsina.

AMSA: Barka kadai, Malam, Allah ya saka da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi. Amsata ita ce a'a, kuma wannan bai shafi matakin karatunka ba, domin ko likitan hoto ba ya tabbatar da tarin fuka da hoto kaɗai. Hoto yana ɗarsa zato ne. Tabon tsohon tarin da aka riga aka warke, da ciwon ƙurar dutse, da funfunar da ke zama a cikin tsohon kogon huhu, da ciwon daji, duk suna iya kama da shi. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuma, idan garkuwarsa ta yi ƙasa sosai, yana iya kasancewa da tarin fuka alhali hotonsa bai nuna komai ba. Idan ka ɗora wanda ba shi da cutar a kan magani na wata shida, ka ɗora wa hantarsa nauyi a banza, ciwonsa na gaskiya kuma yana ci gaba. Idan yana da nau'in da ke bijire wa magani, hoto ba zai gaya maka ba.

Abin da ke gaya maka shi ne gwajin kaki. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano ƙwayar cutar, tana kuma nuna ko ta bijire wa maganin rifampicin. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, musamman da zazzaɓi ko gumin dare ko rama, ka karɓi kakinsa ka tura, ko ka haɗa shi da jami'in kula da tarin fuka na ƙaramar hukumarku, domin gwajin da maganin kyauta ne a ƙarƙashin shirin gwamnati. Yara ƙanana da ba sa iya fitar da kaki kuwa ka tura su ga likita kai tsaye. Ko manhajojin kwamfuta da hukumar ta amince a 2021 a riƙa tace hotunan 'yan shekara 15 zuwa sama da su, aikinsu ware wanda za a yi wa gwajin kaki ne.

Duk da haka ina ƙarfafa maka gwiwa ka koya, da manufar sanin wanda ba zai jira gobe ba. Ka koyi gane ɓangaren ƙirjin da ya yi fari fat, da ɓangaren da ya yi baƙi ƙirin babu zanen jijiyoyi a cikinsa saboda iska ta taru ta danne huhu, da bututun iskar da ya gusa gefe ɗaya. Waɗannan duk na turawa ne nan take. Wanda numfashinsa ke sarƙewa a gabanka ma ba ka bukatar hotonsa kafin ka nema masa mota.

Idan za ka tura wa likita hoton ta waya domin neman shawara, ka ɗora shi a kan farin haske mai bai ɗaya, ka kashe fitilar kyamara, ka ɗauki dukkansa har da alamar dama da hagu, ka rufe sunan majiyyacin bayan ka nemi yardarsa, sannan ka haɗa da shekarunsa da tsawon ciwon da abin da ka ji a ƙirjinsa. Ka kuma hana mutanenka yawon sake hoto babu dalili. Hasken hoton ƙirji kaɗan ne, kimanin abin da jiki ke samu daga muhalli a kwana goma, amma na CT yakan ninka shi sau gommai, kuma mace mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa kafin a ɗauka. Ka umarce su su nemi rubutaccen rahoto a wurin da aka ɗauki hoton, su kuma adana tsofaffin hotunansu a cikin ambulan ɗinsu ba tare da naɗewa ba, domin likitan da zai duba su a birni zai so ya ajiye na bara kusa da na bana ya ga ko tabon yana nan yadda yake ko ya ƙaru.