Ƙanena yana tsare wata biyar, majistare ya ce ba shi da hurumi

Tambaya: Lauya, ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Rigimar iyakar gona ce ta kai ga faɗa, aka bugi wani da sanda, ya cika a asibiti. An kama ƙanena. Duk zaman da muka je, sai majistare ya ɗage shari'ar ya ce ba shi da hurumi. Me ya rage mana?

Amsa: Allah ya jiƙan mamacin, ya fitar da ƙanenka lafiya. Gaskiya majistare ya faɗa maka. Tuhumar kisan kai a ƙarƙashin sashe na 221 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuffuka, hukuncinta kisa ne, kuma ta fi ƙarfin kotunsa. A zamanin kakanninmu irin wannan magana gaban Sarki take ƙarewa, har sojoji suka rushe kotunan sarakuna a ƙarshen shekarun 1960. Kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991 kuwa, Kano ake kai fayil ɗin binciken 'yan sanda. Yanzu Dutse ne, Ma'aikatar Shari'a, inda lauyoyin gwamnati za su duba ko akwai hujjar gurfanar da shi a Babbar Kotu. Abin da majistare yake jira ke nan, kuma nan ne fayiloli suke kwana.

Saboda haka ka daina ƙona kuɗin mota kana zaman benci. Ka fara gano ko 'yan sanda sun tura fayil ɗin ma tukuna, don sau da yawa yana nan cikin durowar mai bincike. Ka karɓi lambar ƙarar a wurin rijistara, ka riƙe ta.

Beli sai a Babbar Kotu, kuma a laifin kisa ba ya zuwa da sauƙi. Sai lauya ya nuna dalili mai ƙarfi, kamar rashin lafiya mai tsanani ko jinkirin da ya wuce misali. In babu kuɗin lauya, ka nemi ofishin Legal Aid a Dutse, kyauta suke tsayawa marasa hali. Wanda ya tare ka a harabar kotu ya ce ya san alƙali, ka wuce shi.

Na san dagaci da dattawa za su kawo zancen sulhu da diyya. Ku yi, alheri ne, kuma ku rubuta shi da shaidu. Amma yafewar dangin mamaci ba ta rufe wannan tuhuma da kanta. Antoni Janar na jiha ne sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ikon janye ƙara, gare shi lauyanku zai kai takardar sulhun.