Amsar tambayar narkakken dutse a inda nahiyoyi suka yi karo

Assalamu alaikum. Ƙanena, na saurari muryarka tun da safe, sai yanzu na samu sarari. Abin da kake tambaya dai shi ne, tunda in nahiya biyu suka yi karo babu wadda ke nutsewa can ciki kamar yadda ƙasan teku ke yi, to daga ina narkakken dutse ke fitowa? Ai duwatsun nan ba lokaci ɗaya suka samu ba, mutane ne ke haɗa su wuri guda.

Kafin Indiya ta bugi Asiya, wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, akwai teku a tsakaninsu, Tetis. Ƙasan tekun nan ne ya riƙa shigewa ƙarƙashin kudancin Tibet yana sakin ruwa, ruwan ya sa dutsen da ke samansa ya narke. Shi ne ya daskare ya zama dutsen giranit na tsaunukan Gangdese a kudancin Tibet, yawancinsa ya girmi karon. Bayan karon kuma ɓawon ƙasa ya ninku, a Tibet kaurinsa ya kai kilomita 70, alhali galibi wajen 35 ne. Zafi ya taru, ɓawon da kansa ya narke, ya ba da farin giranit irin na tsaunin Manaslu a Himalaya, wajen shekara miliyan 20 baya. A ciki ya daskare, zaizaya ce ta tono shi.

Aman wuta kuwa, a'a, tsaya, kada a ce na ce Himalaya na aman wuta. Gabashin Turkiyya nake nufi, inda farantin Larabawa, wato ɓangaren ɓawon ƙasa da ke ɗauke da yankin Larabawa, ya danno. Dutsen Ararat na nan, ya haura mita 5,000, ga Nemrut da Suphan kusa da tafkin Van. Masana da dama na ganin ƙasan tekun da ya nutse ne ya tsinke, dutse mai zafi ya taso daga ciki ya cike gurbin, nauyin da ke danne shi ya ragu, sai ya narke.

Wallahi Ararat ɗin nan har yau yana ci mini rai. Na rubuta shi a jarrabawa, malami ya soke, wai wurin karo ba ya aman wuta, haka littafinsa ya ce. Na kai masa taswira har ofis, bai ko ɗaga kai ba. Shi ya sa na dage kada ku haddace wannan maganar. Ka buɗe taswirar da kanka, ka duba tafkin Van, ka matsa arewa maso gabas kaɗan, za ka ga Ararat.